Arahar Tikitin Alƙahira

Tun bayan sallar azahar Ikilima take durƙushe a tsakar gida, a kan simintin da ranar bazara ta gasa, kuma babu wanda ya ce mata ta tashi. Surukarta, Inna Uwaliya, tana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta juya fuska wajen da take jin muryoyi, domin yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Badamasi, yayan mijin Ikilima, yana tsaye da waya a hannu, sai kai da komowa yake yi. Zulaihat, autar gidan, ta jingina da bango tana taunar cingam, lokaci lokaci ta ja tsaki.

"Karo na ƙarshe nake tambayarki," in ji Badamasi. "Za ki turo kuɗin tikitin nan, ko ba za ki turo ba?"

"Yaya, don girman Allah a jinkirta," in ji Ikilima. "Ban ce kada a yi wa Inna aiki ba. Cewa na yi ba yanzu ake ɗaukar mai shekara saba'in a sa ta a jirgi ba."

Sau huɗu ke nan tana maimaita wannan magana a yini ɗaya, kuma kowane karo kamar da bango take yi.

Ikilima marainiya ce daga Garo, ta ƙasar Kabo. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, mahaifinta ya bi bayanta tun ba ta gama firamare ba. Ƙanwar mahaifinta, Goggo Yelwa, ita ta riƙe ta, da sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli ta kai ta har makarantar koyon aikin lafiya. Da ta gama ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, sannan ta auri Abdulrahman na Gwarzo, mai fataucin albasa a Fatakwal, wanda sau biyu ko uku kawai yake zuwa gida a shekara. Shekara huɗu ke nan ita ce idon Inna kuma ita ce ƙafarta. Ita ke yi mata allurar ciwon suga safe da yamma, ita ke tashi tsaye idan asma ta shaƙe ta, ita ke kai ta bayan gida ta dawo da ita.

Abdulrahman ya daɗe yana tara kuɗin aikin idon mahaifiyarsa, a asusun Ikilima yake ajiyewa. Wani likitan ido a Kano ya riga ya duba Inna, ya ce cire yana ba wani babban abu ba ne, a nan Kano ma ana yi kullum, a dai bari suganta ya daidaita tukuna. Ana cikin wannan jira ne, a farkon watan Maris na shekarar da korona ta ɓullo, Badamasi ya shigo gida da fara'a yana ɗaga waya. Ya ce tikitin Alƙahira ya faɗi ƙasa warwas, ya koma kusan rabin kuɗinsa, jirage suna tashi babu kowa a ciki. Ya ce yana da mutum a Kano da zai fitar da biza cikin mako guda, shi zai raka Inna da kansa a yi mata aiki a hannun ƙwararru. Wa zai ga irin wannan dama ya tsaya yana jiran layin asibitin Kano?

Ba a ce zuciyar Ikilima ba ta motsa ba. Ta karɓi wayar ta duba da idonta, arahar kuwa gaskiya ce. Ta yi kwana biyu tana juya abin a ranta, tana tuna yadda Inna kan lalubi bango tana kuka a ɓoye. Amma a wurin aikinsu an riga an tara su an yi musu bayanin cutar, an gaya musu tsofaffi masu suga da masu ciwon ƙirji ta fi kayarwa. Rediyo kuma kullum cikin labarin ƙasashen da ke rufe ƙofa yake, har Umara an dakatar. Ta tambayi kanta, me ya sa tikitin ya yi araha in ba don masu hankali sun ƙi hawa ba? Idan aka je aka rufe hanya fa, tsohuwa makauniya ta maƙale a ƙasar da ba ta jin harshensu, wa zai yi mata allura?

Ta faɗi wannan duka, a tsanake, da ladabi. Badamasi ya ce korona ciwon Turawa ne da masu kwana a cikin sanyin na'ura, zafin Gwarzo kaɗai ya isa ya ƙone ta. Ta ce ai ba Gwarzo za a zauna ba, jirgi za a shiga. Ya ce to a Masar ma rana ake yi. Ta ce a Masar ɗin ma an samu masu cutar. Ya ce wannan ƙaryar 'yan rediyo ce. Duk ƙofar da ta buɗe sai ya toshe ta da kalma ɗaya, araha, araha, araha, har ta ji kalmar tana yi mata ƙara a kunne.

A ranar da take durƙushen nan ne Zulaihat ta fito da abin da suka daɗe suna raɗawa. Ta ce a daina wahalar da baki, kuɗin ne babu. Ta ce yarinyar da ta tashi a gindin kaskon ƙuliƙuli ta ga kuɗi a asusu, me ake tsammani? Ta ƙara da cewa ai makantar Inna riba ce ga Ikilima, domin muddin tsohuwa ba ta gani, gidan a hannunta yake.

Ikilima ta ɗago ido ta dubi surukarta, tana jiran kalma ɗaya ta kariya daga bakin matar da ta yi wa wanka da safiyar ranar. Hawaye suka gangaro daga fararen idanun Inna.

"Ikilima," ta ce a hankali, "shekara nawa ina cikin duhu, Allah ya kawo haske, ke ce za ki tsaya a ƙofa? Me na yi miki?"

Wannan tambaya ta fi zagin Zulaihat ciwo sau dubu. Ikilima ta fashe da kuka.

Badamasi ya kira Abdulrahman a take, ya sa wayar a fili kowa na ji. Ya shirya zancen yadda yake so, ya ce matarka ta hana uwarmu lafiya, ta kuma kasa nuna kuɗi. Abdulrahman mutum ne mai sanyin hali, da farko shi ne ya ce wa Ikilima duk abin da ta gani shi za a yi, tunda ita ta san aikin. Amma da ya ji shessheƙar mahaifiyarsa ta waya, sai ya rikice. Ya ce Ikilima ta mayar masa da kuɗin yanzu, kuma ta je gida Garo tukuna har ƙura ta lafa. Tana durƙushen ta tura masa su cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, shi kuma ya tura wa yayansa gaba ɗaya, na tikiti da na aiki. Ganin kuɗin bai sa kowa ya janye kalmar sata ba. Zulaihat cewa ta yi tsoro ne ya sa ta amayar da su.

Kafin ta fita, Ikilima ta zauna ta rubuta lokutan allura da abin da Inna za ta ci da wanda ba za ta ci ba, ta miƙa wa Zulaihat. Zulaihat ta ce su ma sun san uwarsu tun kafin a haifi wasu. Ikilima ta durƙusa a bakin tabarma ta ce, "Inna, na tafi, a yafe mini." Inna ta juyar da kai.

Goggo Yelwa na tsakiyar matsar mai ta ga 'yarta ta shigo da jaka. Da ta ji labari, ta wanke hannu ta ce a kai ta Gwarzo yanzu ta ji wanda ya isa ya kira jininta ɓarauniya. Da ƙyar Ikilima ta zaunar da ita. Sai dai zancen ya riga su isa gari. Kafin mako ya zagayo, a bakin famfo da gidajen suna ana ta cewa 'yar Yelwa ta cinye kuɗin makauniya an koro ta. Wasu kuma suka fara janye 'ya'yansu idan ta wuce da farar rigar aiki, wai masu aikin asibiti ne ke yawo da cutar. Abin takaici, mutanen da ke cewa babu korona su ne dai ke gudunta saboda korona! Ikilima takan dawo daga aiki ta shige ɗaki, ta yi sallah ta daɗe a kan dadduma, ba ta roƙon komai sai Allah ya tsare Inna, ya kuma bayyana gaskiya ko bayan ranta.

Saura kwana biyu tafiya, Zulaihat ta haɗa walimar sallama. Aka cika gida da mata, aka yi ta ɗura wa tsohuwa lemon kwalba da cincin da alkaki, ana cewa ta ci rabonta kafin ta koma cin abincin Larabawa. Allurar yamma kuwa babu wanda ya tuna da ita, ta safe ma an tsallake. Washegari Inna ta yanke jiki ta faɗi, aka kwashe ta zuwa asibiti. Badamasi bai fasa ba. Ya tsaya a bakin gadonta ya ce zai yi gaba ya kama musu wuri a asibitin can, tikitinta kuma ana iya ɗaga ranarsa, da ta warware zai dawo ya ɗauke ta. Ya sa mata fasfonta da wata takarda a jaka, ya hau jirgi shi kaɗai. Zulaihat kuwa ta bi dangi tana cewa bakin Ikilima ne ya kama Inna, wa ya sani ma ko ba baki kaɗai ba ne. Wannan ma ya iso Garo.

Badamasi bai cika mako a can ba Masar ta dakatar da jirage. Bayan kwana biyu aka rufe filin jirgin Kano ga masu shiga da fita ƙasa. Ikilima ta ji a rediyon Goggo, ta dafe ƙirji tana hamdala cewa Inna na gida. Goggo Yelwa ta ce yanzu sai su zo su ba da haƙuri. Babu wanda ya zo. Abdulrahman ya kira sau ɗaya yana in-ina, ya ce ta ƙara haƙuri, shi ma an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ya maƙale a Fatakwal.

Watan Afrilu ya shigo da dokar kulle, ga labarin mace-macen dattawa daga birni yana ta isowa ƙauyuka. Tsoro ya shiga kowane gida. Ana gab da azumi asmar Inna ta tashi, ta fara tari da shaƙewa. Zulaihat, wadda ta fi kowa rantsuwa cewa cutar ƙarya ce, tana jin tarin nan ta tattara kayanta ta koma gidan mijinta a Mainika, wai za ta ɗauko wani abu ta dawo. Matar Badamasi ta kwashe 'ya'yanta ta yi gidansu. Aka bar makauniya ita kaɗai a ɗaki. Wata maƙwabciya, Marka, ita ke turo kwanon abinci daga bakin ƙofa da sanda, ita ma a tsorace. A rana ta biyu ta kasa daurewa, ta nemo lambar Ikilima ta kira ta tana kuka.

Ikilima na ajiye waya ta fara haɗa allurai da abin shaƙa. Goggo Yelwa ta tare ƙofa. Ta ce mutanen da suka kira ta ɓarauniya, suka kira ta mayya, su za ta je ta kai wa ranta? Ina 'yar cikin tsohuwar? Ina mai arahar?

"Goggo, ni ma raina a ɓace yake, wallahi har yanzu," in ji Ikilima. "Amma Inna ko ƙofar bayan gida ba za ta iya samu ita kaɗai ba. Ni ban san uwa ba sai ke da ita."

Goggo ta matsa gefe tana share ido da bakin zane, ta ce Allah ya tsare. Ikilima ta samu mai babur ya bi da ita ta hanyoyin gonaki, saboda an tare babban titi, suka isa Gwarzo da hantsi.

Ta tarar da Inna kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, inda ta faɗi tana lalube, zaninta a ɓace, kwanon jiya ƙudaje sun rufe shi, numfashinta na fita da ƙyar kamar ana busa ƙaramin usur. Ikilima ta ɗaura takunkumi, ta ɗago ta, ta sa mata abin shaƙa, ta auna suga ta yi allura, ta ɗora ruwa ta yi mata wanka. Sai da tsohuwa ta dawo hayyacinta ta kama hannun da ke shafa mata mai, ta lalube shi tun daga yatsu har wuyan hannu.

"Wannan hannun na san shi," ta ce. "Ikilima... ke ce? Bayan abin da na yi miki?"

"Ni ce, Inna. Ki daina magana, numfashinki bai daidaita ba."

Inna ba ta daina ba. Ta yi ta kuka tana kiran sunan Allah, Ikilima na rarrashinta tana nata kukan a cikin takunkumi. Ba korona ba ce, asma ce da yunwa da rashin allura. Cikin kwana goma ta miƙe.

Duk da haka ran Inna bai bar Alƙahira ba. Wata safiya cikin azumi ta ce a ɗauko mata jakarta, a duba takardar tikitin a ga ko har yaushe za a iya ɗaga ranar. Ikilima ta buɗe takardar ta karanta, ta sake karantawa. Ba tikiti ba ne, takardar kama wuri ce da ba a biya ba, wadda wa'adinta ya ƙare tun kafin ranar walima. Ta buɗe fasfon shafi bayan shafi, fes yake, babu biza babu alamarta. Ashe ko Inna ba ta faɗi ba, ba a taɓa shirin tafiya da ita ba. Ikilima ta yi shiru har tsohuwa ta gane akwai magana, ta ce ta rantse mata da Allah ta faɗi abin da ta gani. Ta faɗa. Sannan ta ɗauki hoton takardun ta tura wa mijinta, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Abdulrahman ya matsa wa yayansa ta waya har ya amsa. Kuɗin aikin ido dogayen riguna da takalma da turare ya saro da su, da niyyar ya dawo ya sayar a kasuwar Sallah ya mayar da uwar kuɗin ba wanda ya sani. Shirinsa dā ma shi ne idan ranar tafiya ta zo ya ce bizar Inna ta makara. Yanzu ga kaya ga rufaffiyar hanya. Ya karyar da su ya biya masauki har suka ƙare, aka fitar da shi, ya koma raɓe a ɗakin wasu ɗalibai 'yan Najeriya yana cin abin da suka rage. Saƙonnin muryarsa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, yana kuka yana roƙon a taimaka masa da kuɗin jirgin kwaso mutane, wanda ya ninka tikitinsa mai araha. A ranar da gaskiya ta fito Abdulrahman ya kira matarsa, ya kasa haɗa jimla, sai "ki yafe mini" yake ta maimaitawa. Ta ce ta yafe, amma ta gaya masa gaskiya cewa ranar da ya ce ta je gida ta fi kowace rana ɗaci a rayuwarta, domin shi ya san ta.

Inna ce ta yanke hukunci. Ta tara dattawan gidan ta ce a sayar da filin Badamasi da babur ɗinsa, a fara cire kuɗin aikin idonta, abin da ya saura a biya masa jirgin dawowa. Haka aka yi. Ya sauka cikin damina, ya yi kwanakin killacewa, ya iso Gwarzo a rame, wuyansa kamar na zakara, ba fili ba abin hawa, ga gari duk ya san labari. Inna ta ƙi amsa gaisuwarsa. Ta ce ba ita zai fara ba wa haƙuri ba, inda aka ɓata sunan yarinya can za a je a wanke shi. Aka sa shi gaba, shi da Zulaihat da dattawa biyu da Abdulrahman da ya samu dawowa, har Garo. A ƙofar gidan Goggo Yelwa, gaban mai unguwa da maƙwabtan da suka yi ta yaɗa zancen, Badamasi ya faɗi da bakinsa wanda ya ci kuɗin makauniya. Zulaihat ta janye maganar maita kanta a ƙasa. Goggo Yelwa ta saurare su har ƙarshe, ta ce ba ta ji sosai ba, kunnenta ya tsufa, a sake faɗa da ƙarfi. Aka sake.

Bayan babbar Sallah aka yi wa Inna aiki a Kano, wurin likitan nan na farko, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Washegari da safe aka cire bandejin. Ta yi ta ƙifta ido, ta ga farin bango, ta ga fanka, ta ga ɗanta Abdulrahman ta kira sunansa. Sai ta juya ga matar da ke tsaye gefen gado riƙe da kwalbar magani, rabin fuskarta a rufe.

"Sauke wannan ƙyallen in gan ki," ta ce. "Ranar da aka kawo ki gidana ma inuwa kawai na gani."

Ikilima ta ja da baya kaɗan ta sauke takunkumin. Inna ta daɗe tana kallonta.

"Ashe yarinya ce ƙarama haka na bari ta ɗauki wannan duka. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini."

Hawaye suka cika sabon idon. Ikilima ta mayar da takunkuminta da sauri, ta matso tana goge nata da bayan hannu.

"Inna, don Allah ki bar kukan nan, likita ya ce kada ki yi. Sau ɗaya dai a dangin nan a ji maganata."

Inna ta yi dariya cikin kuka, ta kwantar da kai ta buɗe idon, Ikilima ta ɗiga mata maganin.